DAGA BAKIN ALLO: Hutun Hunturu da Wasanninmu na Zango

Muna yi muku barka da shigowar hunturu, da fatan kowa ya tanadi man kaɗensa. Mu nan Kumasi sanyin namu na marmari ne, ɗan hazo da ƙura da tsagewar leɓe, amma sai ka ga mutum ya ɗora rigar sanyi biyu da hula har kunne kamar wanda za shi Rasha. 'Yan'uwanmu na Tamale da Bawku da Wa, waɗanda suka san buji na gaske, dariya suke yi mana. Ko ma dai yaya ne, a wurin malamin makaranta shigowar hunturu alama ce ta cewa zangon karatu na farko ya zo ƙarshe. An yi jarrabawa, an raba takardun sakamako, an kulle aji sai Janairu.

Kirsimeti ba sallarmu ba ce, amma hutunta ya game kowa. Ɗaliban makarantun kwana sun dawo da akwatunansu, ma'aikata daga Ankara da Takoradi sun zo ganin gida, har da waɗanda ke Jamus da Italiya da Amurka, don su ma a Disamba suka fi samun zuwa. Daga Aboabo zuwa Asawase, haka ma Nima da Sabon Zango can Ankara, duk inda akwai inuwa za ka tarar an ja benci, an ɗora butar shayi a kan gawayi, an shimfiɗa allon ludu ko na dami, ko kuwa ana raba karta. Samarinmu na kiran irin wannan majalisa "bes". Abokan da suka yi wata goma ba su ga juna ba, a nan suke haɗuwa, kuma sau da yawa wasan ne ke riƙe su a zaune har hira ta yi daɗi.

Kowace shekara kuma a wannan lokaci iyaye kan tare mu a hanya da ƙara iri ɗaya. "Malam, yaron nan naka tun da aka yi hutu ba shi da aiki sai ludu da karta. Don Allah ka yi masa faɗa, ya fi jin maganarka." Mukan amsa da "To, Hajiya, za mu gan shi," amma kafin mu yi faɗan mukan yi tambaya uku. A ina yake wasan? Da su wa? Akwai kuɗi a ciki? In amsar ita ce a ƙofar gida, da 'yan'uwansa da abokansa, ba kuwa ko fesuwa ɗaya a tsakani, to gaskiya ba mu ga abin faɗa ba, sai dai a ja masa kunne kan lokacin salla da aikin gida. Dalilanmu ne muke son mu baje a wannan fili, tun da tsayuwar bakin hanya ba ta isa a yi bayani.

Ludu ya fi kowane wasa jama'a, don shi ne ya shiga har tsakar gida. Asalinsa daga Indiya ne, daga wani tsohon wasa da suke kira pachisi. Turawan Ingila suka rage masa tsawo, suka mai da shi na ɗan dayis guda ɗaya, suka fito da shi kasuwa da sunan ludo a 1896, daga nan ya bi su duk ƙasashen da suka mallaka. Da ya iso Gana sai muka yi masa ƙari. Akwai bugun baya, akwai bugun gefe, akwai ma waɗanda ke yarda a bi mutum har cikin layin gidansa a fitar da shi. Baƙon da ya zo daga Kano ko Legas ya zauna wasa da 'yan Kumasi, kafin ya gane dawar garin an kore masa 'ya'ya uku. Rabin rigimar da ake yi a kan ludu daga nan take tasowa: ba a yi magana kan doka ba kafin a fara, sai wasa ya yi nisa kowa ya jawo dokar unguwarsu.

Sauran rabin rigimar kuwa a kan shida ne. Yaro ya jefa sau biyar, sau shida, shida ba ta fito ba, sai ya ce an yi masa asiri ko an riƙe masa hannu. Mu da ke koyar da lissafi mukan so irin wannan ƙorafi, don darasi ne ya kawo kansa. Dayis fuska shida gare shi, kowace jifa rabon shida ɗaya ne cikin shida, kuma dayis ba ya tuna abin da ya fito a jifar baya. In aka lissafa, cikin kowane mutum uku da za su jefa sau shida a jere, kusan ɗaya zai tashi ba shida ko guda. Yaron da ya gane wannan a kan allon ludu ya riƙe abin da za mu sha wahalar koya masa a aji da alli, kuma za ku ga amfaninsa in mun zo maganar caca.

Dami, wanda 'yan Nijeriya ke kira daraf, wasan manyan maza ne, kuma shi ne mai hayaniya. Gida 100 ne a allon, kowa da 'ya'ya 20, kuma a yadda ake yin sa a ƙasar nan wanda ya rage da ɗa guda ya faɗi ko da ɗan nan sarki ne. Ba a ajiye ɗan dami a hankali. Buga shi ake yi a kan katako har mai shago na can gefe ya ji, a bi shi da baƙar magana. "Kawu, yau sai haƙuri, ka tashi ka ba yara wuri." Shi kuma ya ce, "Zauna dai, ɗana, tun ba a haifi babanka ba nake cin irinka." A wane wuri kuma saurayi zai faɗa wa kawunsa haka a yi dariya? Masu raina wasan nan su sani cewa Afirka ta Yamma ta taɓa fitar da zakaran duniya a cikinsa, wato Baba Sy, mutumin Senegal. Ya cancanci karawar neman kambun duniya na 1963 amma ba a yi karawar ba. Ya rasu a haɗarin mota a 1978, sai a 1986 hukumar wasan ta duniya ta amince da shi a matsayin zakara.

Oware kuwa na maƙwabtanmu Tonawa ne, kuma duk wanda ya tashi a Kumasi bai iya shi ba ya yi asara. Rami 12 ne, shida-shida, da ƙwaya 48, huɗu a kowane rami. Ka kwashe na rami ɗaya a ɓangarenka ka yi ta zuba ɗai-ɗai kana zagayawa. In ta ƙarshe ta faɗa ramin abokin wasa ta mai da abin da ke ciki biyu ko uku, ka ci su. Wanda ya tara 25 ya yi nasara. Akwai wata doka a ciki da muke ƙauna: in ramukan abokin wasanka sun ƙare ƙaf, wajibi ne ka zuba masa in kana da hali, don wasa ya ci gaba. Tonawa na ba da labarin cewa Ntim Gyakari, sarkin Denkyira, yana zaune yana oware da matarsa mayaƙan Osei Tutu suka cim masa a yaƙin Feyiase na 1701. Saboda haka ba yau aka fara kuka da cewa wasa na shagaltar da mutum ba. A 2002 wasu masana biyu na wata jami'a a Amsterdam, John Romein da Henri Bal, sun sa kwamfuta ta bi duk yanayin da wasan ke iya shiga, fiye da biliyan 889, suka gano cewa in kowane ɓangare bai yi kuskure ba, canjaras za a tashi. Ku duba fa, abin da tsohuwa ke lissafawa da ka a kan tabarma.

Duk waɗannan suna nan da ransu, ba sa bukatar mu roƙa musu arziki. Wanda muke jin tsoro a kansa shi ne namu na gado, wato dara. Kakanninmu fatake da suka biyo hanyar Gwanja neman goro, suka yada zango a Salaga da Yendi kafin a gangaro kurmi, ba su ɗauko allo a kan jaki ba. Inda duk aka sauke kaya, sai a share ƙasa a tona ramuka, wannan ya karyo tsinke, wancan ya tsinto tsakuwa, wasa ya kankama. Zabarmawa ma suna da ita, suna kiran ta dili. Yau ka tara ɗalibai arba'in 'yan zango ka tambaye su wa ya iya dara, za ka ga ana kallon juna. Suna jin ana cewa "dara ta ci gida" a rediyo in rikici ya ɓarke tsakanin 'yan jam'iyya ɗaya, amma ba su taɓa ganin darar ba balle gidan.

Laifin ba na yaran ba ne. Tsakar gidajenmu duk an shafe su da siminti, ƙofar gida kwata ce da kwalta, ina yaro zai tona rami? Dattawan da suka iya kuma sun koma dami, don shi ne ake samun abokin yi. Saboda haka bari mu rubuta yadda ake yin ta, kamar yadda muka tarar dattawanmu na yi, ko Allah ya sa wani ya gwada a wannan hutu.

Gida 30 ne, layi biyar, kowane layi gida shida. Mutum biyu ke yi, kowa da 'ya'ya 12 waɗanda za a iya bambanta su da na ɗan'uwansa. Da farko ana dasa su ɗai-ɗai, kai ka sa, ni in sa, a duk gidan da mutum ya ga dama, sai dai ba a yarda ka jera uku a lokacin dashe ba. In an gama, gida shida ne kawai za su rage babu kowa. Daga nan sai tafiya: ɗa yana matsawa gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ba ya tsallake, ba ya bin kusurwa. Duk sa'ad da ka jera uku a miƙe, a tsaye ko a kwance, ka ci, sai ka zaɓi ɗa guda na abokin wasanka ka cire. Jerin huɗu ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu, ba shi da sauran halin jera uku, ya faɗi ke nan.

A ido abin kamar wasan yara, amma gwanaye za su gaya maka cewa tun a wurin dashe ake cin wasa ko a faɗi. Sabon shiga yakan tara 'ya'yansa wuri ɗaya yana murna, sai a toshe shi ya rasa inda zai motsa. Gwani kuwa yana dasawa yana kallon gidajen da za su rage babu kowa, don ta nan wasan zai buɗe. Babban abin da kowa ke nema shi ne doki: ka shirya 'ya'ya biyar yadda guda ɗaya zai riƙa kai da komo tsakanin layi biyu, in ya hau ya cika uku, in ya sauko ya cika uku, kowace tafiya ci. Wanda aka ɗaure wa doki, in bai sami yadda zai karya shi da wuri ba, gara ya share ƙasa a sake sabo. Yaron da ya koyi hango doki tun ana saura tafiya uku a ɗaura shi, ya koyi tunani kafin aiki, kuma mun ga bambancin irin waɗannan yara a aji.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan damun mu. Hausa ba ta cikin harsunan ƙasa da ake koyarwa a makarantunmu na gwamnati. Ɗan zango a Kumasi Tonanci yake karantawa a aji, na Ankara kuma yawanci harshen Ga. Ba mu ce Hausa za ta mutu a zango ba, ai har waɗanda ba Hausawa ba da ita suke ciniki. Amma ku saurari yadda yaranmu ke ƙirga. Daga goma, in an yi sa'a ashirin, sai Turanci. Ka ce wa yaro "arba'in da takwas" ya tsaya yana kallon ka. Waɗanda iyayensu suka yi gini a sababbin unguwanni suka bar zango kuwa, wasunsu gaisuwa kaɗai ta rage musu. To ina ne yaro zai zauna awa biyu kusa da dattijo, yana jin ƙirga da habaici da karin magana da zolaya, ba wa'azi ake yi masa ba, ba aike ba, ba faɗa ba? Mu dai ba mu san wani wuri da ya wuce bakin wasa ba. A makarantar allo Larabci ake biyawa, a boko Turanci, a gida umarni ne: tashi, kawo, tafi. A bakin dara ne kaka da jika ke zama kishiyoyi, harshe ya sake.

Shi ya sa ludun cikin waya bai gamsar da mu ba, ko da yake ba mu hana. Tun da Ludo King ya fito a 2016 za ka ga samari huɗu sun sunkuya a kan waya ɗaya suna dangwalawa. Na'ura ce ke jefa dayis, ita ke ƙirga gidaje, ita ke hana maguɗi. An huta da gardama, amma an huta da ƙirgan ma, kuma tsoho mai raunin ido ba shi da wuri a wannan da'ira.

Karta ce mai baƙin suna, kuma ba a banza ta samo shi ba. Wanda aka fi yi a ƙasar nan shi ne Spar. Kowa kati biyar, dole ka bi irin katin da aka fara da shi in kana da shi, kuma zagaye huɗun farko ba su da maki, na ƙarshe kaɗai ake lissafawa. Wanda ya ci zagayen ƙarshe da shida ya sami maki uku, da bakwai maki biyu, da wani kati maki ɗaya. Dabarar ke nan: ka riƙe ƙaramin kati har ƙarshe, bayan ka tabbata ka zare wa kowa irinsa daga hannu. Wasa ne na tuna abin da ya wuce a tebur, kuma hannu ɗaya ba ya cin minti uku. Wannan saurin nasa shi ne ya sa 'yan caca suka so shi. Baƙinmu na Nijeriya kuma kan zo da Whot, wanda wani Bature ya ƙirƙira a Ingila a 1935, ya zama kamar ɗan gida a can. Yara da mata sun fi son sa don ba shi da wuyar koyo.

Ba za mu tsallake maganar addini ba, don ita ce a zuciyar iyaye da yawa. Duk wanda ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya san cewa can wajen ƙarshenta an hana wasan nardu, wato na dayis, da shaɗaranji, wato ces. Malikawa sun tsananta a nan. Shafi'awa sun sassauta a kan shaɗaranji muddin ba kuɗi kuma bai hana salla ba. Saboda haka maigidan da ya ce ba a ludu a gidansa yana da madogara, kuma bai kamata a mai da shi abin dariya ba. Hukuncin dara da oware da dami, waɗanda ba dayis a cikinsu, kowa ya tambayi malaminsa, mu alli muka riƙe. Amma inda babu saɓani ko kaɗan shi ne caca. Aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun haramta ta, sun kuma faɗi abin da take haifarwa na gaba da ƙiyayya da shagala daga salla.

Abin da ke ba mu mamaki shi ne, ƙarfinmu duk ya ƙare a kan yaron da ke ludu a ƙofar gida, alhali cacar gaske ta shigo aljihun wandonsa. A da ɗan caca sai ya nemi kango ko bayan tasha ya ɓuya, kowa ya san shi. Yau shagunan cacar ƙwallo na bakin titi da fenti mai kyau da talabijin, kuma wanda ke da waya da kuɗin momo ba ya ma bukatar shago. Dokar caca ta 2006 ta hana wanda bai kai shekara 18 ba shiga, amma waya ba ta ganin fuska, kuma yaro ya san lambar yayansa. Gwamnati ta sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan abin da aka ci a watan Agusta 2023, aka yi ta ce-ce-ku-ce, aka soke shi a watan Afrilu 2025. Yadda samari suka yi murnar sokewar ya isa ya nuna mana yawan masu yi. Ga shi kuma ƙarshen Disamba ne ƙungiyoyin Ingila ke buga wasa a kai a kai, daidai lokacin da yaranmu ke zaune ba makaranta, da 'yan kuɗin da baƙi suka ba su a hannu.

Mu koma ga lissafinmu na dayis. Saurayi ya jera wasa goma a takarda ɗaya, ya sa sidi biyar, yana hangen dubbai. Mu ɗauka kowane wasa rabonsa na cin hasashe rabi ne, wanda ma an yi masa alheri, tun da ƙwallo na da ci da faɗuwa da canjaras. Rabi sau rabi har sau goma, ɗaya ke nan cikin 1,024. In tara suka zo daidai ɗaya ya kuskure, sai ya ce saura ƙiris, gobe ya sake. Ba saura ƙiris ba ne, haka aka gina abin. Mun ga ɗalibai masu ƙwaƙwalwa da suka dawo hutu ba kuɗin littafi, mun ga wanda ya sayar da wayar ƙanwarsa, mun kuma ga abokai tun na yarinta da suka daina gaisawa a kan bashin sidi hamsin.

To in an kori yaro daga bencin ƙofar gida, inda kawunsa ke kallon sa, ina ake zaton za shi? Ba ɗaki zai shiga ya buɗe littafin lissafi ba, mu da ke koyar da su mun san haka. Zai zagaya lungu ne da wayarsa. Shi ya sa muke roƙon dattawa, maimakon kora, su jawo kujera su zauna. Zaman babba a wurin ya isa ya hana a fito da kuɗi, ya isa ya rage ashar, kuma in aka kira salla ya miƙe, da wuya yaro ya ci gaba da zama. Su ma samari muna da magana da su. Kuɗin da ake cewa "na sa wasa ya yi zafi", ko sidi ɗaya ne, ko wanda ya faɗi ya sayi shayi, daga nan ake farawa. In ana son hukunci ga wanda aka ci, ai ga na gargajiya: ya tashi ya ba wani wuri, ya sha zolaya har zagayensa ya dawo.

Kada kuma a manta da 'yan mata. Hutu a wurin da yawansu ƙarin aiki ne: wanki, ɗiban ruwa, tallan koko da ƙosai da safe, taya uwa sayar da waakye, alhali yayyensu maza na bes tun hantsi. In yarinya ta gama aikinta ta ɗauko ludu da ƙawayenta, sai a ce ba ta da kamun kai. Wannan ba adalci ba ne. A azuzuwanmu sau da yawa 'yan mata ne kan gaba a lissafin ka, kuma wanda ke shakka ya zauna oware da 'yar shekara goma sha biyu da ta koya wurin maƙwabciya, ya ga yadda za a yi masa wankin babban bargo. A raba aikin gida tsakanin maza da mata, sa'an nan kowa ya sami lokacin wasa.

Game da rashin wurin tona rami, an riga an yi mana allo ba mu lura ba. Kiret ɗin ƙwai na kwali, wanda mai shayi ke jefarwa in ya tsufa, gida 30 ne cif, biyar sau shida, daidai da dara. A roƙi ɗaya. A tara murfin kwalbar lemo 24, a kife 12 a bar 12 a buɗe, ko a haɗa murfi da tsakuwa. Wanda ke da kaka ko wani tsoho a unguwa da ya taso a Arewa, ya kai masa ya ce, "Baba, ka nuna mana." Zai yiwu dokarsa ta ɗan saɓa da wadda muka rubuta, don dara gari-gari ce, wasu ba sa yarda a cire ɗa daga jerin uku da ya riga ya tsaya, wasu na yarda. A bi tasa.

Muna kuma roƙon masu karatu na Salaga da Yendi da Bawku da Wa, da duk inda dara ba ta mutu ba, su rubuto mana ta ofishin wannan jarida sunayen da suke kiran dabarunta da irin kirarin da ake yi in an ci, mu tattara mu buga a wannan fili. Ɗalibanmu kuma su tuna cewa aikin hutun da aka ba su yana nan yana jira, kuma ranar da aka koma za mu karɓa tun kafin a share aji.

Sai mun sadu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. A sha hutu lafiya.